Muhawara: Me ya sa wanda ya fara shimfiɗa waya ba shi ke cin kasuwarta ba?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ana cewa wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, amma a harkar sadarwa sau da yawa ba haka take kasancewa ba. Motorola ne ya yi kiran farko da wayar hannu a Afrilun 1973, shi ne kuma ya fara samun izinin sayar da ita a 1983, amma kafin 1998 ta ƙare Nokia ya sha gabansa. MCI ne ya fasa wa AT&T kasuwar kiran nesa a Amurka, ƙarshenta Verizon ya haɗiye shi a 2006. A Indiya, da dama cikin kamfanonin da suka yi shekaru suna kafa turakun sabis sun watse cikin 'yan shekaru bayan shigowar Jio a 2016. Amsar da kowa ke bayarwa ita ce na baya ya fi kuɗi. Ban ƙi ba, amma ba ta ƙosar da ni ba. Kuɗin nan a wane wuri yake aiki? Wace ƙofa yake toshewa?

Dakta Lawal:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Kafin a yi nisa, a san cewa babba ba kullum yake cin nasara ba. Lokacin da Bell ya karɓi takardar mallakar ƙirƙirar tarho a Maris na 1876, Western Union ne giwar sadarwa a Amurka, wayoyin tangarahonsa sun game ƙasar. Ya shiga harkar tarho a 1877, da na'urar magana ta gawayi da Edison ya ƙera, wadda ta fi ta Bell fitar da murya. Duk da haka a Nuwamban 1879 ya janye, ya miƙa wa Bell wayoyinsa, aka yi yarjejeniyar ba shi kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar wayoyi tsawon shekara 17. Dalili biyu: shari'ar haƙƙin ƙirƙira ba ta yi masa kyau ba, kuma a daidai lokacin attajiri Jay Gould ya taso shi a gaba a kasuwar tangaraho, inda nan ne abincinsa yake.

Inda maganarka ta fito sosai shi ne bayan 1894, da takardun Bell suka ƙare. Dubban ƙananan kamfanoni suka taso, su ne suka fara kai tarho ƙauyuka da ƙananan garuruwan da Bell ya ƙi kula. Su ne ma suka fara amfani da na'urar Strowger mai haɗa kira da kanta ba tare da ma'aikaciya ba, wadda aka fara aiki da ita a 1892. Zuwa 1907 kusan rabin wayoyin Amurka nasu ne. Amma zuwa farkon shekarun 1930 kusan kashi huɗu cikin biyar sun koma hannun Bell. Abin da ya karya su layin nesa ne. Bell ya ƙi haɗa su da layinsa na tsakanin birane, don haka mai wayar ƙaramin kamfani yana iya kiran maƙwabcinsa amma ba ya iya kiran Niyok. Ɗan kasuwa sai ya ajiye waya biyu a shago, in ya gaji da biyan kuɗi biyu kuma an san wadda zai cire.

Injiniya Nura:
Dakta, bari in ƙara wa maganar layin nesa ƙashi, don ba ƙin haɗawa ne kaɗai ba. Su ƙananan ko sun so gina nasu layin nesan, kayan aikin ba sa hannunsu. Murya a kan wayar tagulla tana raunana da nisa. Maganin farko shi ne naɗin waya da ake sakawa a kan layi tazara-tazara don rage asarar, kuma AT&T (uwar kamfanonin Bell) ya saye haƙƙin Michael Pupin a kansa, ga nasa injiniyan George Campbell da ya yi aiki iri ɗaya. Da wannan layi ya kai daga Niyok zuwa Denver a 1911, nan ya tsaya. Magani na biyu kwalbar ƙara ƙarfin sigina ta Lee de Forest, ita ma AT&T ya sayi haƙƙin amfani da ita a 1913, ya gyara ta, sannan a Janairun 1915 aka buɗe layin Niyok zuwa San Francisco. Ga kuma Western Electric, babban maƙerin kayan tarho, yana hannun Bell tun farkon shekarun 1880. Wanda ya riƙe naɗin, ya riƙe kwalbar, ya riƙe maƙera, to shi ke yanke wa kowa iyakar inda muryarsa za ta kai.

Malama Binta:
Kuma hukuma ta shigo a makare. Sai a 1913, da barazanar shari'a ta yi ƙarfi, AT&T ya rubuta wa gwamnati alkawarin da ake kira na Kingsbury: zai sayar da hannun jarinsa na Western Union, zai bar ƙananan kamfanoni su hau layinsa na nesa, zai daina sayen abokan gogayya ba tare da izini ba. Amma dokar Willis-Graham ta 1921 ta sake buɗe ƙofar saye. A lura kuma, haɗawar kanta ta kashe wa ƙananan sha'awar gina nasu layin nesa, sai suka zama rassa masu kai wa uwa ciniki.

Irin wannan ta faru a teku, sai dai a can na farkon ne ya toshe ƙofa. Tashoshin rediyon kamfanin Marconi ba sa karɓar saƙo daga jirgin ruwan da ke ɗauke da na'urar wani kamfani. Jamus, mai kamfanin rediyo na Telefunken, ta kira taro a Balin, kuma yarjejeniyar 1906 ta wajabta wa tashoshin gaɓa karɓar saƙon kowane jirgi. Daga baya a 1919 gwamnatin Amurka ta matsa aka sayar da reshen Marconi na can ga General Electric, aka kafa RCA. Wannan ba gasa ce ta kasuwa ba, ƙasa ce ta ce ba za ta bar rediyonta a hannun baƙo ba.

Alhaji Garba:
Duk na yarda, amma kuna kewaye kuɗi ne kuna kiransa da wasu sunaye. Wa ya sayi haƙƙin Pupin? Mai kuɗi. A 1907 bankunan da J. P. Morgan ke jagoranta ne suka kama ragamar AT&T suka dawo da Theodore Vail kan shugabancinsa. Ƙaramin kamfanin da ke neman rance don faɗaɗa layi, ƙofar waɗannan bankuna zai ƙwanƙwasa.

Matsalar na farko a wannan sana'a ita ce lokaci. Ana zuba kuɗi gaba ɗaya tun kafin a sami kwastoma ko guda: lasisi, turaku, cibiyar haɗa kira, wayar ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin kuma yana dawowa ne kaɗan-kaɗan cikin shekaru goma ko fiye. In sabuwar fasaha ta iso a shekara ta shida, na farko yana biyan bashin tsohon kaya, kuma dole ya ci sabon bashi don sabon kaya. Na baya bashi ɗaya ne a kansa, kayansa kuma sun fi araha saboda an riga an ƙera su da yawa. Ku duba Iridium, tsarin wayar tauraron ɗan'adam: an tsara shi a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da wayar salula ba ta aiki in ka tsallaka iyaka. An kafa tsarin a kan taurarin ɗan'adam 66, aikin ya ci wajen dala biliyan 5, an fara aiki a Nuwamban 1998. Kafin nan GSM, tsarin wayar salula na dijital, ya riga ya ba matafiya damar amfani da wayarsu a ƙasashe da dama. Wayar Iridium kuwa wajen dala 3,000 ce, kuma ba ta aiki cikin gini sai ta ga sararin sama. Agustan 1999 kamfanin ya karye, aka sayar da kadarorinsa a kan kimanin dala miliyan 25. Waɗanda suka saya sun ci gaba da aiki har yau, saboda taurarin suka gada ba bashin ba.

Injiniya Sadiya:
Alhaji, ranka ya daɗe, akwai wurin da girma ke biya ko da kuɗin ruwan bashin kowa ɗaya ne. Lissafin cunkoson kira ne, wanda masanin lissafi Erlang ya fitar. A ɗauka ana so kira 2 kacal cikin 100 su tarar da layi a cike a sa'ar da ta fi cunkoso. Mai hanyoyin kira 10 zai ɗauki nauyin erlang 5 da ɗan ɗoriya (erlang ɗaya shi ne hanya ɗaya da ke aiki sa'a guda cur), wato rabin hanyoyinsa ne ke aiki, sauran na zaman jiran ko-ta-kwana. Mai hanyoyi 100 zai ɗauki erlang 88. In kowane kwastoma na magana daƙiƙa 90 a wannan sa'a, mai hanyoyi 10 zai riƙe mutum kamar 200, mai 100 kamar 3,500. Kayan babban sun ninka sau 10, kwastomominsa sun ninka sau 17. Ba wayo ba ne, ba zalunci ba ne, haka lissafin yake. Shi ya sa ƙaramin kamfani ko dai kiransa ya fi tsada ko ya fi yankewa.

Na biyu shi ne mitar rediyon da kamfani ya samu, wadda ake aunawa da megahaz. Idan mita ta ninka biyu, asarar sigina tsakanin eriya da waya na ƙaruwa da desibel 6 a fili (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne), cikin gari da gine-gine ma ta fi haka. Wanda ke kan megahaz 1800 yana buƙatar turaku ninki biyu ko fiye na wanda ke kan 900 kafin ya rufe yanki ɗaya. A nan na farko ne yakan ci riba, don shi ya kwashe ƙananan mitoci. Amma in abin ya juya, duba Sprint da Clearwire: su suka fara abin da aka kira 4G a Amurka da WiMAX a 2008, a kan megahaz 2500. Verizon ya zo da LTE, wani tsarin na 4G, a Disamban 2010 a kan megahaz 700. Bambancin wajen desibel 11 ne, wanda a lissafin cikin gari ke nufin turke ɗaya na Verizon na rufe abin da sai Clearwire ya kafa kamar huɗu. Cikin ɗaki kuwa siginar 2500 kusan mutuwa take.

Malam Habu:
Injiniya, to ashe shekara biyun da Sprint ya riga ba su amfane shi da komai ba?

Injiniya Sadiya:
Sun amfane shi da talla, amma turke ba ya kira, waya ke kira. Masu ƙera ƙwaƙwalwar waya suna bin inda oda ta fi yawa. Manyan kamfanonin Turai da Asiya da ke kan GSM duk LTE suka nufa, har ma Verizon da ke kan CDMA, kishiyar GSM. Wayoyin WiMAX suka zama 'yan ƙalilan, HTC Evo ta 2010 ce fitacciya, kuma tana cin batir saboda rediyo biyu ne a cikinta. Da iPhone 5 ta fito a 2012 da LTE ba WiMAX, magana ta ƙare. Sprint ya kashe WiMAX a 2016 bayan ya sake gina LTE, wato ya biya sau biyu, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Amma a yi adalci: mitar 2500 ɗin ba ta da laifi a inda jama'a suka yi yawa, saboda faɗinta. T-Mobile da ya haɗe da Sprint a 2020 a kanta ya ɗora ƙashin bayan 5G ɗinsa.

Dakta Lawal:
Ina so in ja da ku kaɗan, don kada mu wanke na farko tas kamar duk ƙaddara ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Motorola bai rasa kuɗi ba, bai rasa injiniyoyi ba, yana ma da haƙƙoƙin ƙirƙira masu muhimmanci a GSM. Ya daɗe ne a kan wayar analog saboda ita ke kawo riba, ga StarTAC ta 1996 na ta sayuwa. Kamfanonin sabis kuwa sun matsu su koma dijital, domin a tsarin analog na AMPS kira ɗaya ke cin kilohaz 30, kuma lambobin shaidar waya na tafiya a iska tsirara, ɓarayi na kwafewa su yi kira da asusun wani. Su ke sayen wayoyi da yawa su raba wa kwastomomi, kuma dijital suke nema. Nokia na da ita a hannu. A lokacin ma Nokia bai kai Motorola girma ba. Shi kansa Nokia, da yake riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na kasuwar duniya a 2007, haka ya liƙe wa Symbian, tsohuwar manhajar wayoyinsa, har 2011, ƙarshenta ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa a 2014.

Alhaji Garba:
Dakta, wannan da kake kira kuskure ni a wurina lissafi ne. Shugaban da zai kashe abin da ke kawo kuɗi yau don abin da zai kawo bayan shekara huɗu, masu hannun jari ba za su bar shi ya ga shekara huɗun ba. Na baya ba shi da tsohuwar riba da zai ji tsoron kashewa. Western Union ma da ka kawo, tangarahon yake karewa.

Dakta Lawal:
Lissafi ne, amma wasu sun yi shi sun tsira. Vodafone ya fara da analog a Birtaniya a Janairun 1985, ya koma GSM da wuri, har ya sayi kamfanin Mannesmann na Jamus a 2000. Ba dole ba ce.

Injiniya Nura:
Bari in dawo da mu kan waya mai igiya, don akwai misalin da ke nuna yadda toshe ƙofa ke faruwa a aikace ko da doka ta ce a buɗe. Dokar sadarwa ta Amurka ta 1996 ta tilasta wa tsofaffin kamfanonin tarho ba da hayar wayar tagullar da ke shiga gidaje. Covad, NorthPoint da Rhythms suka yi gaba wajen sayar da intanet na DSL, mai sauri da ke bi ta wannan wayar tagulla. Ga matakan haɗa gida ɗaya. Sai ka sami wuri a cikin cibiyar tsohon kamfani ka ajiye na'urarka, ka biya kuɗin wuri da wuta. Sai ka nemi a auna layin gidan, domin DSL ba ya wuce kimanin kilomita 5 da rabi, kuma gudunsa na raguwa da nisa. In akwai naɗin Pupin a kan layin, wanda ake sakawa kusan kowane kilomita 1.8, dole a cire shi, saboda yana yanke duk abin da ya haura kilohaz 4, DSL kuwa a sama da nan yake aiki. In akwai ragowar reshen waya da ba a amfani da shi, shi ma a yanke, don yana mayar da sigina baya. Sai ma'aikaci ya je cibiya ya sauya haɗin. Kowane mataki a nan ma'aikacin abokin gogayyarka ne zai yi shi, kuma shi ma yana sayar da DSL ɗinsa. In layi ya lalace, kwastoma kai zai kira, kai kuma sai ka jira su. Duka ukun sun shiga kotun karyewa a 2001, da kasuwar hannun jari ta faɗi rance ya ƙafe.

Haka ta sami AOL, kamfanin intanet na bugun lamba, ta wata fuska. Intanet na bugun lamba yana hawa kowane layin tarho ba sai an roƙi kowa ba. Da aka koma intanet mai sauri, sai ya zama mai igiyar da ta shiga gida shi ne mai kwastoma. A 2005 kotun ƙoli ta amince cewa kamfanonin kebul ba dole su raba layinsu ba, a shekarar kuma hukumar sadarwa ta sassauta wa masu DSL.

Malama Binta:
Wannan ya kawo mu kuɗin sauke kira, wanda mutane da yawa ba sa gani. In kira ya tashi daga kamfani ɗaya ya sauka a wani, na farkon na biyan na biyun kan kowane minti. A misali, kamfanin da ke da kashi 10 cikin 100 na masu waya, kira 9 cikin 10 na kwastomominsa waje za su fita. Wasu za su ce ai kira na shigo masa shi ma, sai a yi kunnen doki. Haka ne in farashi ɗaya ne. Amma babban sai ya sauke farashin kira tsakanin 'yan gidansa ƙasa da kuɗin sauke kira, ya tsauwala na fita waje. Mutanensa sai su rage kiran ƙaramin, shi kuma ƙaramin dole ya yi araha a kan kiran waje don ya sami mutane. Kuɗi sai su riƙa gangarawa daga ƙarami zuwa babba kowane wata. Maganin da hukumomi suka samo biyu ne: rage kuɗin sauke kira zuwa ainihin abin da yake ci, da barin mutum ya sauya kamfani da lambarsa, kamar yadda Birtaniya ta fara a 1999, Amurka a 2003.

Malam Habu:
To Malama, wannan ai kariya ce ga wanda ya riga ya kafu. Yaya Jio ya tsallake ta?

Malama Binta:
Bai tsallake ta a banza ba, ya biya. Kira kyauta ya bayar, don haka kiran mutanensa ya yi ta kwarara zuwa Airtel da Vodafone da Idea, yana biyan paisa 14 a minti (paisa 100 ne rufi ɗaya). An kuma yi rigima a 2016 kan yawan mahaɗan da tsofaffin suka ba shi, kira na ta faɗuwa. Hukumar sadarwar Indiya, TRAI, ta sauke kuɗin zuwa paisa 6 a Oktoban 2017, sannan ta shafe shi gaba ɗaya daga Janairun 2021. Wanda ba shi da uwa irin Reliance, mai matatar mai da ke zubo kuɗi, ba zai kai wannan rana ba.

Injiniya Sadiya:
Ga kuma ɓangaren injin. Jio bai gina 2G ko 3G ba sam, da 4G zalla ya fara, murya ma a matsayin data take tafiya. Cibiya ɗaya, nau'in kaya ɗaya. Tsofaffin kuwa a wancan zamani suna tafiyar da tsari uku a lokaci guda, kowanne da nasa kason mita, da na'urorinsa a kan turke, da wutar da yake ci. Ba za su iya kashe 2G ba, saboda ɗaruruwan miliyoyin kwastomominsu ƙananan wayoyi ke hannunsu, kuma kiran murya ne mafi yawan kuɗin shigarsu. Jio ya mayar da farashin kiran murya sifiri a rana ɗaya, 5 ga Satumban 2016. Mitar 2300 da ya fara da ita tun 2010 take hannunsa, ta hanyar sayen Infotel, ya yi shekara shida yana shimfiɗa wayar gilashi kafin ya karɓi kuɗin kowa. Ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana 170. Aircel ya karye a 2018, Telenor da Tata suka miƙa wa Airtel kwastomominsu, Vodafone da Idea suka haɗe a 2018.

Alhaji Garba:
Shekara shida ana kashewa ba a karɓa. Malam Habu, ga amsar tambayarka ta ina kuɗi ke aiki: yana sayen jira.

Injiniya Nura:
Yana sayen jira, amma jiran sai an san abin da ake jira. Da Jio ya buɗe a 2012, wayoyin da ke kiran murya ta 4G ba su wadata ba, masu arahar cikinsu ma babu. Ko a 2016 sai da ya fito da nasa wayoyin LYF, sannan JioPhone a 2017, ƙaramar waya mai maɓallai amma ta 4G, don ya kai ga mutanen da har lokacin ke kan 2G. Ina da tambaya ga Injiniya Sadiya: a tsarin da murya ke tafiya kan 4G kaɗai, ba 2G da za a faɗa kanta in sigina ta yi rauni, yaya aka yi da gefen gari da cikin gine-gine a kan mitar 2300?

Injiniya Sadiya:
Ba da 2300 kaɗai ya buɗe ba. Ya haɗa da 1800 da ya saya a gwanjo, da 850 wadda wani kasonta ya samu ta yarjejeniya da Reliance Communications. 850 ɗin ce ke rufe gefen gari da cikin ɗaki, 2300 kuma ta ɗauki nauyin data a inda ake cunkoso. Ana saita turke ne ta yadda in ƙarfin sigina ya sauka ƙasa da wani ma'auni, wayar za ta koma ƙaramar mita tun kiran bai yanke ba, kuma ana ba fakitin murya fifiko a kan sauran data. Abin da Clearwire ya rasa ke nan: ba shi da ƙaramar mitar WiMAX da waya za ta faɗa kanta, in ta fita daga 2500 sai dai ta koma 3G na Sprint.